Ƙasar da Baba Ya Ɗanɗana

Al-Sadd, Doha
Tsakiyar Nuwamba, 2022

Assalamu alaikum, Yaya Badaru.

An kafa ƙarfen Baba ranar Talata. Yana tsaye a filin da ke bakin wata tashar metiro, inda masu zuwa kallon Kofin Duniya za su riƙa fitowa, kuma tun daga ranar mutane ke zama a ƙarƙashinsa.

Ka yi haƙuri na sa labari gaba da gaisuwa, aikin jarida ne ya ɓata ni. Ina fata kana lafiya, Anti Fiddausi da yara ma suna lafiya a Kaduna. Yaya teku, yaya gajiya? Na san a dandamalin haƙo man nan naku waya ba ta shiga sai imel, shi ya sa na zauna rubutu.

Da yake kai da Baba kun daɗe ba ku taɓa zancen aikinsa ba, bari in kwatanta maka abin kamar yadda zan yi wa baƙo. Ya sa masa suna Rumfa. Ƙafafu uku ne na bututun ƙarfe, kowanne ya fi mutum kauri, sun lanƙwasa sun haɗu a sama, tsayinsu ya kai bene mai hawa biyu. A kansu ya jera tsofaffin ruwan galma da na fartanya, waɗanda ya yi shekaru yana karɓa a hannun manoman Malumfashi, ya haɗa su da walda ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi. In rana ta take, inuwar takan faɗo da ƙananan ɗigon haske a cikinta. Launinsa ja ne mai duhu, irin wanda ka sani. Ban taɓa ganin ya yi abin da ya kai wannan kyau ba.

Ni na rubuta allon da aka manna a gefe: Ɗalhatu Maƙera, haihuwar 1942, ɗan gidan ƙira, ya yi karatun zane a Zariya, ya dawo ya fara sassaƙa da ƙarfe ba fuska ba siffar mai rai, tun ba wanda ke yin haka a wajenmu. Ni ce kuma na kai hotunan aikinsa ga kamfanin gine-ginen da ya mallaki filin, ni na ɗauko shi daga gida farkon 2020. Har yanzu yana yi mini ba'a, wai 'yarsa ce kafil ɗinsa, mai tsaya masa a ƙasar nan, sai da izinina yake atishawa.

Sauran ka ji shi gutsi-gutsi a lokacin. Yana tsakiyar aiki a wani shagon walda a Sanaiya, unguwar masana'antu, korona ta shigo, aka kulle unguwar, shi ma ta kama shi. Ya yi jinya a asibiti da bututun iska a hanci. Da ya warke ya ƙarasa aikin, sannan ya yi abin da yake yi wa kowane ƙarfe nasa: ya sa aka haƙa rami aka binne shi don ƙasa ta ba shi launi. Wata uku ya yi niyya. Annobar ta sake tasowa a gari, kamfanin ya dakatar da gyaran filin, ƙarfen ya zauna a ƙasa fiye da shekara ɗaya da rabi. Sai da zafin bana aka tono shi.

Ranar buɗewa ya sa babbar riga. Ya zagaya ƙafafun yana shafa su. Mutumin da a garinsu aka sayar da aikinsa ga 'yan gwangwan, ga shi baƙi na bin layi su ɗauki hoto da shi.

Ga dalilin wasiƙar. Mai gadin filin Bahaushe ne, Mu'azu, mutumin Gusau, magidanci mai 'ya'ya huɗu a gida. A inuwar Rumfa yake wuni, a nan shi da abokan aikinsa suke shimfiɗa tabarma su yi salla. Jiya ya ce mini, "Hajiya, ƙarfen Baba gumi yake yi, ko shi ma zafin Doha ya dame shi?" Na duba. A gindin ƙafar gabas akwai jan ruwa da ke tsatsowa da safe, in ya bushe ya bar fari-fari a gefe.

Kai ne ka ƙarar da rayuwarka kana bin tsatsa a cikin bututu. Haka ake gani a sabon aiki?

Ka gaida abokan aiki. Allah ya dawo da ku tudu lafiya.

Ƙanwarka,
Hannatu

*

Daga teku

Wa alaikumus salam, Hannatu 'yar jarida.

Lafiya lau nake, alhamdu lillahi, na gode da kika tuna da gaisuwa a sakin layi na biyu. Fiddausi ta ce sun gan ku a hoto, wai Baba ya rame. Ki gaishe shi, ki ce ina yi masa murna. In ya ce ƙarya nake, ki ce duk da haka.

Yanzu ki ajiye alƙalamin yabo ki amsa mini.

Kin ce an binne shi. A ina? A gida na san yadda ake yi, don ni nake riƙe masa shebur kafin in gudu makaranta. Jar ƙasa yake nema mai laima, damina ɗaya tak, ruwan sama ya shiga ya wuce. Doha kuwa ba ta da damina. To a ina Baba ya samo ƙasa mai laima a hamada?

Sannan bakin bututun. Al'adarsa ce ya bar su a buɗe, wai sai ƙasa ta shiga cikin ƙarfe ta san shi ciki da waje. Haka ya yi a nan? In haka ne, wa ya wanke cikin kafin a toshe?

Na uku, kuma wannan ne kawai ya sa ban tashi hankalina ba tukuna: ya ɗanɗana ƙasar? Kin san ba ya binne ko ƙusa sai ya sa ƙasar wurin a harshe. Na tuna wata rana a fadamar Bakori mun haƙa rami tun safe, hannuna duk kanta, ya ɗebi ƙasa ya tauna ya tofar, ya ce akwai kanwa, a mayar. Na yi kuka, ya ce in yi kukan ina cike ramin. Mun yi saɓani da Baba a kan abubuwa da yawa, amma harshensa ban taɓa kama shi da kuskure ba. In ya ɗanɗana ya ce ta yi, to wataƙila raɓa ce kawai take wanke launin waje.

Fari-farin nan ne ba na so. Ki lakata ki sa a baki, ba zai kashe ki ba, ki faɗa mini abin da kika ji.

Allah ya sa mu ji alheri.

Yayanki,
Badaruddeen

*

Al-Sadd, Doha

Assalamu alaikum, Yaya.

Da fatan ka tashi lafiya. Na isar da gaisuwarka. Ya ce, "Injiniya ya tuna yana da uba?" amma ya sa na maimaita masa saƙon.

Amsoshinka, bi da bi.

Fari-farin gishiri ne.

Bakin bututun a buɗe aka binne su. Da aka tono, ma'aikata sun wanke waje da ruwa mai ƙarfi, suka toshe bakin da walda, suka shafa fenti marar launi mai sheƙi. Ba wanda ya leƙa ciki. Injiniyoyin kamfanin sun gwada waldar sun ce ta yi, amma gwajin kafin binnewa aka yi shi.

Wurin kuma na koma na gani ranar Alhamis. Yana kudu da Sanaiya, fili ne shimfiɗaɗɗe ba ko ciyawa. Ina wurin ranar da aka binne, kuma na tuna yadda yake: an yi ɗan ruwan sama na lokacin sanyi, ƙasar ta yi duhu, ƙafa na nutsewa. Baba ya sauko daga mota ya yi dariya ya ce, "Uwata, ashe Larabawa ma suna da fadama." Yanzu da ya bushe fari ne fat, yana fashewa a ƙarƙashin takalmi kamar ɓawon ƙwai. Direban da ya kai ni ya ce sabkha suke kiran irin wurin, tsohon gindin teku ne, ko rijiya ka haƙa ruwan gishiri za ka samu. Na sa ƙasar a baki. Ban iya riƙe ta ba.

Kuma ya ɗanɗana, Yaya. A gabana ya durƙusa ya ɗiba ya tauna, ya ɗan jima, ya ce ƙasa ce mai sanyin hali, ba kanwa ba gishiri, a haƙa. Ma'aikatan 'yan Nepal ne, an ce musu su bi umarnin tsoho, suka bi.

A hanyar dawowa na yi ta juya abin. Sai na tuna cewa Baba, wanda yakan mayar wa Inna da miya, Allah ya ji ƙanta, saboda ƙwayar gishiri ɗaya, bai taɓa kushe girkina ba tun da ya fito daga asibiti. Ni a zatona na iya girki ne.

Washegari na dama masa kunun gyaɗa kamar kullum. Maimakon sukari na zuba gishiri, cokali biyu cike. Na ajiye masa, na zauna. Ya shanye kofin tas, ya goge gemu.

"Uwata, yau kin cika sukari."

"Ya yi yawa ne, Baba?"

"A'a. Likita dai kada ya ji."

Ƙarar cokali ya ji sau biyu, ya ƙiyasta sauran. Korona ta tafi da ɗanɗanonsa, bai dawo ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Da wannan harshen ya gwada ƙasar.

Ban nuna masa na gane ba. An fara gasa, filin yana cika daga la'asar. Jiya na ga wata mata ta kwantar da jaririnta a inuwar tana gyara masa kaya. Ka faɗa mini gaskiyar abin da ke cikin bututun nan, ba tare da lallashi ba.

Ka huta lafiya.

Hannatu

*

Daga teku

Salam, Hannatu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta saƙonki a tsaye, har yanzu ban zauna ba.

Ga gaskiyar. An toshe laka mai gishiri a cikin bututu. Gishiri ba ya barci: yana jawo laima daga iska ta duk ƙaramin hujin da walda ta bari, yana cin ƙarfen daga ciki zuwa waje. Waje zai yi ta sheƙi har ranar ƙarshe. Jan ruwan da Mu'azu yake gani ba launi ba ne yake wankewa, jikin ƙafar ne da kansa yake fitowa. Ya yi fiye da shekara yana ci a rami, yanzu kuma an tsayar da shi, duk ruwan ya gangaro gindi, daidai inda nauyin yake. Ga galmar nan a sama kamar tabarmar da aka shanya. Iska mai ƙarfi in ta zo, ba ta ratsawa, turawa za ta yi.

Ranar ban sani ba. Zai iya kai wa baɗi, zai iya zama gobe. A nan in muka ga bututu yana irin wannan gumin, kashe layin muke yi mu kwashe mutane, sannan a yi gardama.

Ki je kamfanin yau. Ki ce a kawo na'urar auna kaurin ƙarfe a ɗora a gindin ƙafafun, a kuma rufe filin har sai an auna. Ki faɗa wa Mu'azu ya nemi wata inuwar.

Na san abin da nake sa ki. Ke kika kawo shi, sunanki na jikin allon, kuma wannan ne aikinsa na ƙarshe, ba shi da ƙarfin yin wani. Na kuma san me zai ce: wai ɗan da ya guje wa maƙera ya sami hanyar rushe ta. Ya faɗa. Ki nuna masa wannan saƙon in kina so, ki ɗora laifin a kaina, na saba ɗauka.

Kada ki bari Juma'a ta same ki ba ki je ba.

Allah ya tsare.

Badaruddeen

*

Yaya, na karanta wa Baba saƙonka. Ya karɓi takarda da biro ya shiga ɗaki. Ga abin da ya ce in aiko maka, ban taɓa ko harafi ba.

Zuwa ga Injiniya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyalinka, yaya kifaye? An ce kana tsakiyar ruwa kana duba lafiyar ƙarfen da ke Doha. Madalla. Ni da nake shafa shi da hannuna ban kai ka gani ba.

Uwata ta ba ni gishiri a kunu. Ta faɗa mini da bakinta tana kallon ƙasa. Na yafe mata, don sunan mahaifiyata gare ta. Kai ne ka sa ta.

Bari in gaya maka abin da ba a koya maka ba a makarantar bututu. Da na je Zariya, Bature ya ba ni yumɓu ya ce in gina kan mutum. Na gina, ya yaba, na kawo gida ina taƙama. Kakanka Sarkin Maƙera ya dube shi, ya ɗora a uwar maƙera ya sa masaba. Ya ce fuska ba aikinmu ba ce, mu ƙarfe aka ba mu. Na yi fushi shekara guda, daga baya na ga ya fi Baturen gaskiya. Na ɗauki galmar da ta gama noma na tambaye ta me ya rage mata. Abin da nake yi ke nan har yau. A Legas suka ce sabon salo ne, a gida aka ce gumaka ne, alhali ko ido ban taɓa yi wa ƙarfe ba.

Binnewa kuma ba ado na fara ta ba. Samarin unguwa ne suka yi shirin farfasa mini aiki, na haƙa rami bayan gida na ɓoye. Da damina ta wuce na tono, na tarar ƙasa ta yi masa abin da wuta ba ta iya ba. Tun ranar ni nake farawa, ita take ƙarasawa. Shekara hamsin da wani abu ba ta taɓa cin amanata ba.

Harshena ya yi sanyi, na ji. Tsufa ne, kowa da inda yake fara masa. Amma ina da ido, ina da tafin hannu. Ƙasar nan na murza ta, laushinta irin na fadamar Bakori ne. Ka tuna Bakori? Kai ne mai kuka.

Kana so 'yar'uwarka ta je ta ce wa Larabawa tsohon ya kawo musu ruɓaɓɓen ƙarfe. Kafin magariba labari ya isa Malumfashi, waɗanda suka ce gumaka ne su ce ai ga shi Allah ya kayar. Ni ban damu da kaina ba, na kusa. Amma akwai yara a Zariya da Kano da suka fara riƙe walda saboda sun ga an kira ɗan maƙera ƙasar waje. Da wane ido za su kalli iyayensu?

A bar shi ya ga ƙarshen wasan nan, duniya ta gan shi a tsaye. Bayan nan ku kawo na'urarku ku auna har ni.

Ka riƙa cin abinci, an ce ka rame. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Ɗalhatu Maƙera

*

Al-Sadd, Doha
Farkon Disamba

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Na je kamfanin.

Injiniyansu ya saurare ni da ladabi, ya ba ni shayi. Ya ce duk masu na'urar aunawa suna filayen wasa, ba a samun ko ɗaya sai bayan gasa. Ya ce tashar metiro ta nan take fitar da mutane, rufe filin yanzu sai an nemi izini daga sama, kuma ba zai nema ba a kan ɗigon ruwa da ra'ayin wani da bai ga ƙarfen ba. "Bayan gasa, in sha Allah. Khalas, magana ta ƙare." Amma ya ƙara da magana ɗaya: in mai aikin da kansa ya ce aikinsa ba lafiya, ba su da zaɓi, ranar za su rufe. Suka zagaye ƙafafun da jan kirtani. Kafin la'asar yara sun mayar da shi abin tsallake.

Na faɗa wa Baba. Ya daina yi mini magana, kununa ma ya daina sha.

Kwana biyar da suka wuce, bayan asuba, na ji ya buɗe ƙofa. Na bi shi. Ya tari tasi, ƙaramar masabarsa na aljihu. A filin ba kowa sai Mu'azu da masu shara. Ya tsallake kirtanin ya bugi ƙafar farko. Ta yi amo mai tsawo, har cikin haƙorana na ji. Ya bugi ta biyu, haka. Ya zo ta gabas ya buga. Ka san ƙarar da buhun dawa yake yi in an dake shi? Ita ce. Ya matsa sama kaɗan ya sake bugawa. Ita ce dai.

Mu'azu ya ce, "Baba, wannan mura take yi?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai, naɗe tabarmarka."

"A nan muke salla, Baba."

"Ga fili can. Alƙibla ba ta ƙare ba."

Na matsa na ce, "Baba, kalma ɗaya suke jira daga bakinka." Ya mayar da masabar aljihu. Ya ce, "Saura kaɗan a gama wasan." Na ce jarirai ake kwantarwa a nan. Ya ce, "Ba wanda zai sake zama." Wannan ce maganar da ya yi mini a mako guda.

Ka san me yake nufi? Tun ranar, kullum da sassafe yana zuwa da kujerar roba ya zauna a tsakiyar Rumfa, daidai ƙarƙashin inda ƙafafun suka haɗu, da sandarsa. Duk wanda ya shigo inuwar sai ya ɗaga sanda: "Yalla! Yalla! Ba a zama!" Larabcinsa ke nan gaba ɗaya. Mu'azu yana taya shi, yana cewa ko kocin Ghana bai kai Baba ihu ba. Wasu suna fita. Wasu kuma, musamman 'yan kallon da suka zo daga nesa, sun ɗauka yana cikin aikin ne, tsoho da sanda a ƙarƙashin galma. Sai su zo su rungume shi a ɗauke su hoto. Jiya na tsaya daga nesa na ga ya kori mutum biyar, goma sun shigo ta bayansa.

Don haka na tsallake kamfanin. Na kai maganar ga hukumar da ke kula da lafiyar gine-gine, da sunana, da sunan Baba, da bayaninka, da hoton sabkha. A wurin aiki an ce in ɗan huta a gida, kamfanin yana cikin masu ba mu talla. Hukumar ta ce za ta turo masu aunawa ranar Lahadi.

Baba ya sani, ni na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "Hannatu." Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Masu hasashen yanayi sun ce iskar arewa za ta taso daga yammacin Juma'a zuwa Asabar.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hannatu

*

Daga teku

Hannatu, ki karanta masa wannan ko ba ya so. In ya shiga ɗaki ki karanta ta bakin ƙofa.

Assalamu alaikum, Baba. Barka da war haka, ina fata jiki da sauƙi.

Na karɓi wasiƙarka, na gode da albarka. Ban zo da gardama ba. Ka buga, ka ji, kunnenka ya fi na'urata. Ba sai ka ce komai ga kowa ba, Hannatu ta riga ta ɗauke maka wannan, kuma daidai ta yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka tashi daga ƙarƙashinsa. In korar mutane kake so, ka kore su daga waje, sanda tana kaiwa. Juma'a da Asabar kada ka je ko kusa. In iska ta cika galmar nan, ƙafa biyu ba za su riƙe abin da aka yi wa uku ba, kuma ba gargaɗi zai yi ba.

Na nemi a sauke ni tudu, jirgi zai ɗauke ni gobe. Ina neman takardar shiga Qatar, an ce a lokacin gasa sai da tikitin wasa, zan saya ko na wane ne. Ina so in ga Rumfa a tsaye, kai kana gefena kana nuna mini inda ban gane ba. In kuma an ce a sauke ta, ni zan riƙe maka shebur, mu nemi jar ƙasa a gida.

Ina cin abinci.

Ɗanka,
Badaruddeen

*

Doha, Asabar

Assalamu alaikum, Yaya. Allah ya sa wannan ya same ka kafin ka hau jirgi.

Ƙafar gabas ta karye da safiyar yau. Rumfa ta kwanta.

Na karanta masa wasiƙarka jiya, ya saurara har ƙarshe, ya ce in ajiye masa. Na ɓoye takalmansa. Ya fita da silifas ɗin banɗaki ina salla.

Mu'azu ya ce iska ta tara masu shara da wasu fasinjojin farko a ƙarƙashin Rumfa, suna fakewa. Baba ya fitar da su duka, na ƙarshen sai da ya ɗaga masa sanda da gaske. Ba wanda ya ji ciwo a cikinsu.

Mutum ɗaya aka ciro daga ƙarƙashin ƙarfen. Mu'azu ya ce yana numfashi lokacin da aka sa shi a mota.

Ina asibiti yanzu. Sun ce akwai dattijo a ɗakin tiyata. Ba su tabbatar mini da sunan ba tukuna.

Hannatu